Dam ɗin Tiga: ruwa na nan kwance, mu kuma ba mu da inda za mu kai iyali

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

Ranar Asabar da ta wuce na kwashi uwargida da yara uku muka nufi Tiga. Hutun makaranta ne, yara sun ishe mu da waya da rigima a cikin gida, ni kuma likita ya daɗe yana yi mini faɗa a kan hawan jini, wai in riƙa taka ƙasa. Daga cikin Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Da muka isa bakin ruwa, ƙaramar 'yata ta tsaya ta yi tsit, can ta ce, "Baba, wannan shi ne teku?" Shekararta 9, a Kano aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwa ba. Yayyenta suka yi mata dariya. Ni kunya ce ta kama ni.

Muna zaune a tabarma sai ga wani mai kwale-kwale, ya ce in kawo yara ya zagaya da su. Na ce masa, "Malam, akwai rigar ruwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai a cikin ruwan nan aka haife mu." Na ce kai aka haifa a ciki, nawa a asibiti aka haife su. Ban bari sun shiga ba. Har muka dawo gida babu mai yi mini magana a mota.

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma ga inda na tsaya: ya kamata gwamnatin jiha ta mayar da wani yanki na bakin Tiga wurin shaƙatawar jama'a, inda mutum zai yi tattaki, ya hau keke, ya shiga jirgi cikin aminci, a farashin da ɗan albashi da mai shago za su iya biya. Ba katafaren otal nake nufi ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala a 1974. Lokacin da aka gina shi, ruwan da yake iya ɗauka ya kusa kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, shinkafa da tumatir da alkamar da muke alfahari da su. Amma mutumin bai tsaya ga noma kaɗai ba. A zamaninsa aka yi Gidan Zu na Kano, aka yi otal a bakin tafkin Bagauda, ga kuma Rock Castle a Tiga. Wato tun shekaru 50 da suka wuce akwai shugaban da ya gane cewa ɗan Adam yana buƙatar wurin da zai sarara. Yau harabar otal ɗin Bagauda ita ce reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Ilimi alheri ne, ban ce a kore su ba. Tambayata ita ce, me aka bai wa jama'a a madadinsa?

Ku duba Gidan Zu ranar Sallah. Cinkoso har sai ka riƙe hannun ɗanka gam. Ku duba Dala da Goron Dutse da asuba, ku ga masu hawa don motsa jini. Ku duba yadda matasa ke cika manyan kantuna, ba sayayya suke yi ba, sanyi da hoto kawai suka je nema. Buƙatar tana nan, wurin ne babu. Jihar da ke da madatsun ruwa irin su Tiga, Challawa, Bagauda, Watari da Tomas bai kamata a ce 'ya'yanta sai sun je Abuja sun ga jirgin shaƙatawa a tafkin Jabi, ko masu tattaki a duwatsun da ke kewaye da dam ɗin Usuma, sannan su san ana irin wannan ba.

Na san wani zai ce ai Tiga a hannun Gwamnatin Tarayya take, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Haka ne. Amma wannan ba ya hana. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai dam ɗin Folsom, kusa da birnin Sakaramento, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1950 don tare ambaliya da samar da ruwa da lantarki. Dam ɗin na gwamnatin tarayyarsu ne, amma hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar ce ke kula da bakin tafkin: hanyoyin ƙafa, hanyoyin keke, wurin sauke jiragen ruwa. Yarjejeniya ce kawai tsakanin hukuma da hukuma. Mai dam ya riƙe dam ɗinsa, mai jama'a ya kula da jama'arsa.

To me nake so a yi? Abubuwa ne ƙanana.

Na farko, kuma wanda in ba a yi shi ba gara a bar sauran, shi ne aminci a kan ruwa. Ba mu manta da ƙarshen watan Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen da suka taso daga Badau za su Mauludi. Aƙalla rayuka 29 suka salwanta, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙan su. Waɗannan ba yawon buɗe ido suka fita ba, hanyarsu ce ta yau da kullum. Lodi ya yi yawa, rigunan ruwa babu. Saboda haka duk wanda zai yi maganar jirgin shaƙatawa ya fara da wannan: kowane jirgi a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, kowane fasinja da rigarsa, babu fito bayan magariba, kuma a samu jirgi mai inji da gwanayen ninƙaya a shirye. Dokar ta hau kan jirgin 'yan birni da jirgin 'yan ƙauye daidai wa daida. In aka saya wa baƙi riguna aka bar masu zuwa cin kasuwa haka, an yi zalunci.

Na biyu, hanyar ƙafa da ta keke. Ba kwalta ake buƙata ba. A share hanya ta 'yan kilomitoci a bakin ruwa, nesa da bangon dam da ƙofofinsa, a zuba marmara a daddaɓe, a dasa darbejiya da mangwaro, a kafa benci. A yi banɗaki na maza daban na mata daban, da ɗan masallaci, da wurin zubar da shara. Keke kuwa, wa zai koya wa Bakano? Mu da muka tashi da hayar keke na awa ɗaya, muna leƙen agogon mai haya kada ya ci mu tara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ma, da yawa cikin abokan aikinmu sun kakkaɓe tsohon kekensu. A ba matasan yankin rancen kekuna su riƙa bayar da haya, sana'a ta samu.

Na uku, wurin ya zama na mutanen wurin. Masunta da Sarkin Ruwa sun fi kowane injiniya sanin inda ruwan yake da zurfi da inda kututturen itace yake a ƙasa. Su za a horar su tuƙa jiragen, matansu su soya tarwaɗa da karfasa su sayar. Mu tuna akwai garuruwa da gonakin da aka tasa kafin ruwan nan ya kwanta. Ba daidai ba ne a sake korar jikokinsu a kafa katanga, a ce sai mai dubu goma zai shiga.

Yanzu bari in amsa abin da na san za ku rubuto a ƙasa.

"Ana fama da yunwa kai kana maganar shaƙatawa." Wallahi na san da yunwa, ni ma albashi nake jira. Amma mai kuɗi ba ya buƙatar Tiga, shi Dubai yake zuwa. Wanda ba shi da wurin zuwa shi ne ni da kai. Kuma kuɗin da ɗan birni zai kashe a kifi da rake da hayar keke, aljihun ɗan ƙauye zai shiga.

"Za a mayar da wurin dandalin baɗala." Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma a ina ɓarna ta fi yawa, a wurin da ke cike da iyalai da masu gadi da lokacin buɗewa da rufewa, ko a kangon da babu mai leƙawa? A rufe da magariba, a hana kayan maye, a ware ɓangaren iyali.

"Tsaro fa?" Dajin Falgore ba shi da nisa, kuma duk mun san labarin da ya yi a baya. Shi ya sa na ce a fara da yanki ɗaya ƙarami, kusa da gari, da rana, da jami'an tsaro da 'yan sa-kai. Wurin da ƙafa ke takawa kullum ba ya zama maɓoya.

"Ruwan sha ne, za a ɓata shi." Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a yi wanka ba. Ruwan da ke kwance irin wannan ana ɗaukar tsargiya a cikinsa, ga haɗarin nutsewa. A hana iyo, a taƙaita jirage masu inji saboda mai, a ci tarar mai jefa leda.

Tsorona ɗaya ne, kuma a matsayina na wanda ya shekara kusan ashirin yana ganin yadda fayil ke yawo daga tebur zuwa tebur nake faɗa. In aka ji wannan shawara, za a kafa kwamiti, a zana ƙasaitaccen gini, a ba da kwangila, a zo da 'yan jarida a ƙaddamar. Bayan shekara uku famfo ya mutu, babu kasafin gyara, jemagu su tare. Mun iya ginawa, riƙewa ce ke ba mu wuya. Don haka a yi abin da kuɗin ƙofa zai iya riƙewa, a bar wani kaso na kuɗin a wurin don gyara da albashin masu shara, a liƙa lissafin a allo kowa ya gani.

Kafin gwamnati ta motsa, mu ma da namu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin walima duk shekara, me zai hana a sayi rigunan ruwa ko da ashirin ne a kai wa masu fito a dam mafi kusa da garinku? Sadaka ce mai ceton rai. Ni dai na yi wa yarana alƙawarin za mu koma Tiga da hunturu, kuma da rigunanmu za mu je. In mun gama, mai kwale-kwalen nan zan bar wa su.

Waɗanda suka san Bagauda da Tiga a zamanin da, don Allah ku ba mu labari a ƙasa, yaranmu su ji. 'Yan Katsina ku faɗa mana halin da Zoɓe take ciki, 'yan Gombe ku ba mu na Daɗin Kowa.

Allah ya jiƙan Audu Baƙo, ya jiƙan yaran Badau, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani talaka.