Da Mudu Biyu Ake Auna Buddha da Kiristanci

Tun da Dalai Lama ya cika shekara 90 a watan Yulin 2025, aka sha biki a Dharamsala, tsohuwar maganar nan ta Turawa ta sake tashi: wai addinin Buddha hikima ce tsantsa da zaman lafiya, Kiristanci kuwa ba abin da ya haifar sai yaƙe-yaƙe, cinikin bayi da mulkin mallaka. Har wasu 'yan bokonmu sun cafe suna yaɗawa a Facebook, alhali ko bangon Dhammapada, littafin koyarwar Buddha, ba su taɓa gani ba, balle su buɗe Linjila.

Awon da mudu biyu ake yin sa. In an zo kan Buddha sai a ɗauko littafi, a karanto tausayin duk mai rai da danne son zuciya. In an zo kan Kirista sai a ture Huɗubar Kan Dutse da yafiyar da ke cikinta, a jawo ta'asar sarakunan Turai.

To, a buɗe tarihin kowa mana. Ashin Wirathu malamin Buddha ne a Mandalay ta Myanmar, da mayafin sufaye a jikinsa ya yi ta wa'azin ƙin Musulmi a ƙarƙashin ƙungiyar 969. A 2017 sojojin Myanmar suka ƙone ƙauyukan Rakhine, 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere Bangladesh. A Sri Lanka, wa'azin malamin Buddha Gnanasara na ƙungiyar Bodu Bala Sena ne ya hura wutar da ta ci Aluthgama a 2014. Aung San Suu Kyi kuwa, mai lambar Nobel ta 1991, da ƙafarta ta je kotun duniya a Hague a Disamban 2019 ta kare ƙasarta Myanmar daga zargin kisan ƙare dangi. Ƙaramar Gambiya ce ta shigar da ƙarar, manya sun noƙe.

Za a ce waɗannan ba su wakiltar koyarwar Buddha. Yaushe aka taɓa yi wa Kirista wannan uzuri? Musulmi kam ba a ma magana. Tun harin Satumban 2001 jaridun Turawa suke ɗora laifin mutum ɗaya a wuyan al'umma guda, su ce mu fito mu nemi gafara. Fafaroma Francis ya je Myanmar a 2017 bai ambaci sunan Rohingya ba sai da ya isa Dhaka, aka yi masa ca. Manyan sufayen Myanmar da suka yi gum, mutum nawa ya tuhume su? Sansanin Kutupalong a Cox's Bazar ta Bangladesh har yau maƙil yake da mutanen da aka kora.