Ina Aka Kai Ƙugiyar Sunana?

Ni mutumin Maradun ne, sunana na yanka kuwa Muhammadu. Amma da yake sunan kakana na ci, kakata ba ta iya faɗinsa saboda alkunya, sai ta laƙaba mini Ɗantsoho. Da shi na tashi, da shi aka rubuta ni a firamare. Ranar da na zo rajista a jami'a, wani ma'aikaci ya ɗaga takarda ya ƙwala kira, "Dan-soho!" Na yi shiru, don ban san da ni ake ba. Ya sake, "Dan-choho!" Ɗalibai suka fashe da dariya. Da na matsa na gyara masa, sai ya ce, "Kai malam, duk ɗaya ne." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutumin nan Bahaushe ne, na ji shi yana waya da gida da Hausa tsantsa.

To jama'a, wai duk ɗaya ne? Ashe bari da ɓari ɗaya ne? Kura da ƙura fa? Wanda ya ce kura ta shiga masa ido, ai sai a yi masa jaje. Dubi Ƙauran Namoda. Ƙaura sarauta ce ta mayaƙa, amma da aka cire ƙugiya sai jarumi ya koma kaura, wato dawa. Haka Turawan mulki suka yi wa garuruwanmu: Sakkwato ta zama Sokoto, Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Talatar Mafara aka yanke mata harafin da ke haɗa kasuwar Talata da garinta. Bature ya tafi tun 1960, an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, amma har yau ɗan boko in yana son a san ya yi karatu sai ya murɗe baki ya kira garinsu yadda baƙo ya rubuta.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce mu ma muna lanƙwasa sunayen mutane, mun mai da birnin Turawa Landan, Eko ta Yarabawa muka ce Ikko. Gaskiya ne, kowane harshe yana tauna baƙuwar kalma da haƙoransa. Saboda haka ba na ganin laifin Bature ko Bayarabe in ɗ ta gagare shi, muddin ya gwada. Wannan uzuri na baƙo ne. Mai gida fa, mene ne nasa uzurin? Mu ne nan muke kwana muna karya harshe kan sunan Shakespeare da Chomsky don kada a yi mana dariya a aji, sa'an nan mu kasa tsayawa daƙiƙa biyu mu faɗi sunan ɗan'uwanmu daidai.

Kada kuma wani ya fake da cewa babu haruffa. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta baza ɓ da ɗ da ƙ ko'ina a ƙasar Hausa. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar da su. Yau ga su cikin wayar da ke aljihunka. Ƙyuya ce kawai da raina kai.

Abin kuwa ya wuce dariya. Takardar firamare ta ce Dantsoho, ta jarrabawa ta ce Dansoho, ta banki ta ce wani abu dabam. Sai da na je kotu na yi rantsuwa cewa ni ne ni, na biya kuɗi, kafin a yarda da takarduna.

Ya ku 'yan'uwana ɗaliban Hausa, da ku malamanmu, gyara daga kanmu zai fara. In an ɓata sunanka, gyara, ko sau goma ne, cikin ladabi ba tare da jin kunya ba. In za ka rubuta, sa ƙugiya inda take. Hausawa sun ce suna linzami. Nawa dai tsohuwa ce ta ɗaura mini shi a Maradun don girmama mijinta, ba kuwa zan bari a kwance shi a bakin tagar ofis ba.