Kafin ka sa wa motarka kamshaf ɗin tsere, karanta zaren nan

1/ Samarin Haɗeja masu son mota ta riƙa tashi kamar jirgi, ku matso. Abin da na tarar da na dawo hutu daga BUK ne ya sa ni wannan zaren. Magana ce a kan sifirin ɗin bawul, ɗan ƙarfen nan da kowa ke rainawa.

2/ Yayana yana da Golf 3, yana lodin Haɗeja zuwa Kano. Da ita ake cefanen gidanmu, da ita aka biya min rajista bara. Abokai suka zuga shi ya sayo kamshaf mai dogon tozo, irin na 'yan tsere, wai zai riƙa yin sawu biyu a rana.

3/ Na ce, "Yaya, sifirin fa?" Ya ce, "Kai dai da boko! Oga ya ce na ciki garau suke." Na ja bakina. Ƙani ne ni, kuma ko sifana ban iya riƙewa da kyau ba.

4/ Ga yadda abin yake. Tozon kamshaf ne ke danna bawul ya buɗe, amma ba shi ke rufe shi ba. Rufewa aikin sifirin ne. In inji na juyi 6,000 a minti, kamshaf na yin rabi, 3,000. Wato kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Sau 50 fa!

5/ Kamshaf ɗin tsere yana tura bawul ya yi zurfi, kuma da sauri. In sifirin bai da ƙarfin dawo da shi a kan lokaci, sai bawul ya tsaya yana lilo, ga fistin na tahowa sama. Wani lokacin ƙarfi kawai za ka ji ya ɓace in ka taka totur. Wani lokacin kuma su yi karo.

6/ Akwai ta biyu, wadda ta fi muni. Sifirin yana da iyakar matsuwa. In tozon ya matse shi har zobbansa suka haɗe, ya zama dunƙulen ƙarfe, dole wani abu ya karye. Shi ya sa masu haɗa inji ke barin tazarar kamar milimita 1.5 kafin haɗewar. Aunawa ake yi, ba a gane shi da ido.

7/ Ku tuna kuma Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta. Sifirin da ya haura shekara 25 yana shan zafin inji, ga ranar Jigawa, ga lodin buhunan shinkafa da kwalayen kifi, shi za ka ƙara wa aiki?

8/ Sati uku ba a cika ba, kafin Gujungu, sifirin ɗaya ya karye, bawul ya faɗa, fistin ya daka shi. Fasinja suka nemi wata motar. Janyo ta aka yi.

9/ Ni dai ra'ayina: in kuɗinka bai kai na kamshaf da sifirinsa tare ba, bar motar yadda Bajamushe ya yi ta. Kuma ban ɗora wa makanike laifin duka ba. Mu ne ke zuwa gareji muna cewa "Oga, a rage mana," sai ya rage abin da ba a gani.

10/ Wani zai ce to a sa mafi tauri a huta. A'a. Wanda ya yi tauri da yawa cinye tozon yake yi, ya kuma ci ƙarfin injin. Wanda kamfanin kamshaf ɗin ya ce, shi za ka nema. In mai shago a Ƙofar Ruwa bai san wanne ba ne, ajiye masa kayansa.

11/ Ko a Formula 1 sifirin ya ba su ciwon kai, har Renault ta koma rufe bawul da matsattsiyar iska a 1986. Masu biliyoyi ke nan, balle mu.

12/ Masu Boxer da ke taɓa kan inji don wasan biki, ku ma da ku nake.

13/ Motar Yaya na gareji yanzu, kan injin a ƙasa cikin faranti. Jiya ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan boko, zo ka duba min lambar sifirin ɗin nan." Rajistar bana kuwa, har yanzu ba wanda ya tayar da zancen a gida.