Wanda Ya Faɗi A Tseren Babur Ma Yana Da Hakki A Kan Musulmi

 

Duk mai sallar Juma'a a Daura da garuruwan masarautarta, kama daga Mai'aduwa, Zango, Sandamu har Baure, ya saba ganin ana shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci ana neman taimako fi sabilillahi. In aka ce rufin masallaci ne ko marayu, sai hannu ya tafi aljihu. Amma da zarar an ce saurayi ne ya faɗi wajen tseren babur, sai fuskoki su sauya, a fara cewa wa ya aike shi, ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan magana tana da daɗin faɗi, amma fa tana bukatar a ɗora ta a kan ma'aunin Shari'a.

Da farko dai babu mai hankalin da zai kare wannan wasa. Abin da samari ke yi wajen rakiyar amarya da lokutan Sallah, na sakin hannu, da ɗaga tayar gaba, da goyon mutum uku a guje ba hular kwano, ganganci ne da rai, nasu da na masu wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, amma har yau ba ta zauna a kan matasa ba. Laifi kam an yi shi.

To amma abin tambaya a nan shi ne, shin laifin mutum yana kayar da hakkinsa na jinya? Masu hana taimako sukan kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Da za su karanta ta tun daga farko, da sun ga da umurnin ciyarwa a tafarkin Allah ta fara, da umurnin kyautatawa kuma ta ƙare. Hasali ma Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa (RA) cewa a kan ciyarwa ta sauka. Ke nan ayar da ake riƙewa don a hana, ita ce ke kiran a bayar. Haka kuma lokacin da aka yi wa wani mashayin giya haddi, wani daga cikin jama'a ya yi masa mummunar addu'a, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nuna yin haka taimakon Shaiɗan ne a kansa. In mashayi bai fita daga 'yan'uwantaka ba, ina ga yaron da ƙuruciya ta kayar?

Sannan wanda ake hukuntawa da hana taimakon ma ba shi ne ya hau babur ba. Uwa ce za ta sayar da akuyarta da tasoshinta, uba ne zai jinginar da gonar gado, ƙanne ne za a cire daga makaranta.

Kuskure na biyu kuwa na masu bayarwa ne. Ana ɗauka da an yi tiyata an sa ƙarfe shi ke nan. Alhali a nan ne jinyar ke farawa. Karayar cinya takan ɗauki watanni kafin ta haɗe, kuma kafin nan naman ƙafar ya saki, gwiwa ta sage, sai an yi ta zuwa gashi wajen ma'aikatan asibiti kafin mutum ya taka. Wanda ya samu rauni a laka kuwa, yana bukatar keken guragu, da robar fitsari da ake sauyawa, da mai juya shi a kai a kai dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi, wanda shi kaɗai yana iya kisa. Ga kuɗin mota: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, ya fi kilomita 100 daga Daura, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina aka tura mutum, tafiya ce da guzuri. Taimakon makon farko yakan ƙare a hoton ƙashi da kuɗin jini, daga nan masu dubiya su ɗauke ƙafa.

A daidai wannan gaɓa ce iyaye kan ɗauke majinyaci su kai wa mai ɗori. Ɗori sana'a ce ta gado wadda jama'a suka daɗe da ita, amma karayar da ƙashi ya huda fata, da raunin kai, da na ƙashin baya, sun fi ƙarfin karan ɗori. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da yadda ɗaurin da ya matse ke tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, a dawo asibiti babu abin yi sai yankewa. Sau da yawa rashin kuɗi ne ya kai su can.

Alal misali a dubi abin da wasu suka yi a ƙasar Ostiriya. Heinz Kinigadner zakaran duniya ne na tseren babur a 1984 da 1985. A 2003 ɗansa Hannes ya faɗi a wani tsere, lakarsa ta taɓu, ya shanye. Shekara ɗaya bayan haka uban da wani abokinsa suka kafa gidauniyar Wings for Life don tallafa wa binciken maganin ciwon laka, kuma daga 2014 aka fara gudun tara kuɗi na shekara-shekara a ƙasashe da dama. Darasin da ke ciki shi ne tsari da ɗorewa. Musulmi da ke da zakka da waƙafi da sadaka mai gudana ai su suka fi cancanta da wannan.

Saboda haka ga shawara ga jama'ar unguwar Kusugu da sauran unguwannin Daura. Na ɗaya, a kafa kwamiti a ƙarƙashin liman da mai unguwa, a sa ma'aikacin lafiya da wakilin ƙungiyar 'yan acaɓa a ciki. Na biyu, kafin a fara tara kuɗi a karɓo takardar likita da ke bayyana abin da jinyar za ta ci har ƙarshen gashi. Na uku, kuɗi su shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa biyan asibiti kai tsaye ana ajiye rasit, kowace Juma'a a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. 'Yan damfara masu yawo da hotunan marasa lafiya a Facebook da WhatsApp sun sa mutane ɗari-ɗari, bayani a fili ne kawai zai dawo da yarda. Na huɗu, a nemi alkawarin wata-wata ko da kaɗan ne, domin ya fi tarin rana ɗaya amfani. Na biyar, masu fitar da zakka su tuna aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci matalauta da waɗanda bashi ya danne, kuma uban da ya ci bashi don jinyar ɗansa yana cikinsu. Wanda ba zai koma kan babur ba kuwa, a sama masa ɗan jari ko sana'ar zaune, kada a bar shi ya koma bara.

Daga ƙarshe, shi wannan kwamiti da ya tsaya wa majinyaci, shi ne zai samu bakin yi wa abokansa faɗa su saurara. Iyaye su daina ba yara makullin babur ranar biki, masu ɗaurin aure su gindaya sharaɗi a kan rakiyar amarya, malamai kuma su sa batun a huɗuba. Samarin da suka ga an ɗauki nauyin ɗan'uwansu za su fi jin wa'azi fiye da waɗanda suka ga an juya masa baya.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya shiryi matasa, Ya saka wa masu taimako da alheri.