Keken Guragu Ba Ya Yi Wa Kurma Magana

Duk lokacin da aka ce za a tallafa wa naƙasassu a Boɗinga ko Shagari, na san abin da zan gani: rumfa, masu ɗaukar hoto, kekunan guragu a jere, buhunan shinkafa. Ban raina keke ba, gurgu na buƙatarsa. Amma me keke zai yi wa kurma mai naƙuda wadda ta kasa gaya wa ungozoma inda ciwo yake?

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga irin wannan majinyaciya. Tafinta ke nan. Ana gudunsa ne saboda albashinsa ba ya fitowa a hoto.

Kuma ba kowane tafinta ba. Harshen hannun da ake koyarwa a makarantun kurame, irin su A.A. Raji da ke Sakkwato, tushensa na Amurka ne, alhali kurman ƙauye da maganar hannu ta Hausa suka tashi. A nemo 'yan'uwansu masu ji, waɗanda suka girma suna fassara musu a gida da kasuwa, a horar da su, ƙaramar hukuma ta ɗauke su aiki a asibitocinta.