Sau nawa aka ambace ka? Gwaggona fa, wa ya ƙirga ta?

Gardama ce ta kaure mana a hostel ranar nan, wutar lantarki ta ɗauke, sauro na shagali. Wani abokina ya buɗe Google Scholar a wayarsa yana nuna mana shafin Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriyar nan da ta yi karatun likita a Ibadan, yanzu take binciken sankarar mama a Jami'ar Chikago ta Amurka. Ya ce ga masaniya ta gaske, a duba yawan maƙalunta da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Sai ya ƙara da cewa Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu dai matar tsohon gwamna ce kawai. A nan muka raba gari.

Bari in fara da ba shi gaskiyarsa. Lissafin ambato ba shirme ba ne. Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira h-index a 2005: in aka ce naka 20 ne, kana da maƙala 20 da kowace aka ambace ta aƙalla sau 20. Kuma ba banza ake ambaton Olopade ba. Bincikenta da abokan aikinta ya nuna cewa nau'in sankarar mama da ba ya jin maganin homon ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, kuma yakan kama su da sauran ƙuruciya. Likitan da ya san haka ba zai rubuta magani da ka ba, sai an yi gwaji.

To amma ma'aunin nan masu rubutu yake ƙirgawa, su kuma masu rubutu juna suke ambata. Gwaggona ta Argungu ta yi wata da watanni da ƙullutu a mama, ana shafe-shafe ana cewa daji ne, ba ya son allura. Da aka je asibiti abin ya riga ya ci jiki. Aka tura mu Sakkwato gashi, aka sayar da buhunan shinkafar rani, ƙarshe dai ta rasu, Allah ya jiƙanta. Babu mujallar da za ta ambaci wanda da ya shawo kanta tun watan farko.

Irin wannan aikin ne Dokta Zainab, likitar yara, ta sa a gaba da gidauniyarta ta Medicaid: gwaji, wayar da kai, da tura batun cikin tsarin gwamnatin jiha lokacin da mijinta ke mulkin Kebbi daga 2015 zuwa 2023. E, kujerar ta buɗe mata ƙofofi, wa zai musa? Amma ba 'yan Kebbi ba ne suka zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta UICC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janiba.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lambobin kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka mutu. Ƙiyasi ne, an gina shi a kan rajistocin wurare irin su Ibadan, Abuja da Kalaba. Matar da ta rasu a ƙauyen fadama ba tare da gwaji ba, ba ta cikin littafin kowa. Kenan masu maƙalar ma suna buƙatar wanda zai shiga lungu ya ƙirgo.

Mu kuma fa? A nan Waziri Umaru muna da 'yan Statistics, 'yan SLT, 'yan kwamfuta, amma kowace shekara sai a je kafe a sayi furojet ɗin da aka yi a wata jiha, a canza sunan gari, a ɗaure da bango mai kyau. Kar wanda ya ce mini bai san da haka ba.

An fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a ƙasar nan tun Oktoban 2023. Iyaye nawa ne a Birnin Kebbi da Argungu suka yarda, nawa suka ƙi, kuma me ya sa? Tambayar da na kai wa sufabaizana kenan. Ya kalle ni ya ce zan sha rana. Na riga na buga takardun tambaya, Asabar zan fara da unguwarmu.