Mu Gina Wa Waƙoƙinmu Rumbu a Gida

A shekarar 2019 kamfanin MySpace ya fito ya shaida wa duniya cewa waƙoƙin da jama'a suka ba shi ajiya daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, yayin da yake sauya musu ma'adana. A 2020 kuma Google ya rufe Google Play Music, ya ce kowa ya zo ya kwashe kayansa kafin a share. Mu ɗalibai kuwa, tun da Spotify ya iso Nijeriya a 2021, mun saki jiki, muna biyan kuɗin wata muna sauraro, mun mance da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ran da kuɗi ya yanke, ko mai waƙa ya saɓa da kamfani, sai mutum ya wayi gari bai mallaki ko baiti guda ba.

Abin da ya fi damun mu ma shi ne wanda bai taɓa shiga waɗannan kamfanoni ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma da yawa daga abin da suka rera a gidajen biki da ƙofar fada ba a ɗauke shi ko'ina ba sai a kaset. Kaset ɗin nan suna nan jibge cikin akwatunan iyayenmu, zafi da ƙura suna cin su, zaren yana saki yana manne wa juna. Wa muke jira ya zo ya cece su?

Ra'ayinmu shi ne, duk gidan da ke da ɗalibin jami'a ya kamata a ce yana da rumbun waƙa, wato kwamfuta guda da aka keɓe don adana sauti da rarraba shi ga wayoyin mutanen gida. Masana suna kiran ta saba. Kada sunan ya tsorata kowa. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a lungu ta isa, ko kuwa Raspberry Pi, 'yar ƙaramar na'urar nan da ta fara fitowa a 2012, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, kuma ba ta cin wuta fiye da ƙwan fitila na zamani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin lantarkinmu, domin ɗan batir da faifan hasken rana ɗaya za su riƙe ta. A haɗa mata faifan ajiya, a ɗora mata manhaja irin su Jellyfin ko Navidrome, waɗanda kyauta ne, a sada ta da na'urar wayafai ta gida. Daga nan kowa zai saurara daga ɗakinsa ba tare da ya sayi data ba.

Kwashe kaset shi ne aikin da ke son haƙuri. A sami rikoda mai lafiya, a jona ta da kwamfuta, a ɗauki sautin da Audacity. Kaset mai minti casa'in, minti casa'in zai ci, babu gajeriyar hanya. Muna ba da shawara a adana shi a tsarin FLAC maimakon MP3, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage nauyi, abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. Faifai mai tarabait guda zai ɗauki FLAC na sama da awa dubu biyu. Sannan a rubuta sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar da garin da aka yi ta, a tambayi dattawa tun suna nan, don sauti marar bayani rabin ajiya ne.

Wasu abokanmu za su ce wannan ƙofar satar fasaha ce. Muna tare da su a nan: mawaƙin da ke raye a sayi aikinsa, rumbun kuma ya tsaya cikin gida, kada ya zama kasuwa. Wasu kuma za su ce faifai ma yana mutuwa. Gaskiya ne, yana mutuwa, sau da yawa ba tare da sallama ba. Saboda haka a yi kwafi na biyu a kai gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, a riƙa sabunta shi duk hutun zango, kuma kada a zubar da kaset ɗin asali bayan an kwafe.